Mai-Ido da Matacin Haske

Akwai wani mutum maharbi a wani gari da ke gindin dutse. Sunansa Habila, amma sunan nan ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, kowa Mai-Ido yake ce masa. Tun yana saurayi Allah ya ba shi gani irin wanda ba a saba samu ba. In saniya ta ɓace, shi ake kira ya hau dutse ya duba. In aka hango mota daga nesa ana gardama ko ta kasuwa ce ko ta asibiti, shi yake raba gardamar, da ya faɗa kuwa magana ta ƙare. Ya tsufa ya rataye bindiga, amma bai rataye sunan ba. Fitilarsa ta farauta ma, irin wadda ake ɗaurawa a goshi, ba ya fita da yamma sai da ita, ko da gidan maƙwabci za shi.

Abin da yake ɓoyewa shi ne, idon ya fara ja da baya. In zai ɗinke jakarsa, zare ba ya shiga masa allura. Mutum yakan taho daga nesa, sai ya yi magana kafin Habila ya gane shi. Wannan abu yana ba shi tsoro ƙwarai, gama a ganinsa ranar da aka daina ce masa Mai-Ido, ran nan ya zama tsoho kawai kamar sauran tsofaffi. Ko matarsa Keziya bai faɗa wa ba.

Yana da wani aboki tun na ƙuruciya, Malam Obadiya, wanda ya yi aikin awon ƙasa a birni har ya yi ritaya ya dawo gida. Wasu in sun yi ritaya da injin niƙa suke dawowa, wasu da kaji. Shi Malam Obadiya da madubin hangen taurari ya dawo, wani abu gajere mai kauri kamar turmi, a kan gindin katako, ana leƙawa ta wani ɗan ido a gefensa. Mutanen gari sun yi dariyarsa har sun gaji sun bari. Ban da madubin, yana da wani ɗan gilashi wanda bai fi murfin kwalba ba, yana ajiye shi cikin ɗan akwati yana lallaɓa shi. Ana murɗa shi ne a gindin idon da ake leƙawa. Ya ce sunansa matacin haske.

To, matar Malam Obadiya ta riga ta rasu, ƙafafunsa kuma sun fara ba shi wahala, sai 'yarsa ta matsa masa ya koma wurinta a birni da zarar an gama girbi. Ya san a can fitilu sun cinye sama, madubin nan ƙarƙashin gado zai ƙare. Saboda haka da damina ta ɗauke, sama ta wanke tas, sai ya tafi wurin abokinsa.

Ya ce, “Sarkin ido, akwai abin da nake so ka gani kafin in tafi. Wani tauraro ne ya fashe tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba. Hayaƙinsa yana nan shimfiɗe a sama har yau, amma haskensa ɗan kaɗan ne, kuma iri ne na musamman. Fitilun tasha, da na sola da aka kafa mana a kasuwa, da hasken sararin kansa, duk sun danne shi. In na sa matacin nan, sai ya tare kusan kowane haske a ƙofa, ya bar irin na hayaƙin ya wuce.”

Habila ya ce, “Wato ƙara masa haske yake yi.”

“A'a. Ba ya ƙara komai. Ragewa kaɗai ya iya.”

Habila ya yi dariya har da buga cinya. “Abin da ke rage haske shi zai sa a gani? Malam, boko ya taɓa ka. Amma zan zo.”

Da aka ci tuwon dare ya zo, shi da matarsa, da waɗansu dattawan gari da suka ji labari. Malam Obadiya ya riga ya kafa madubin a tsakar gida, ya ajiye kujera 'yar tsugunno a gefensa, irin wadda mata suke zama a kai a bakin murhu, gama madubin gajere ne, tilas mutum ya yi ƙasa. Dattawa suka ce, “Mai-Ido ya fara. In ya gani, mu ma sai mu gwada.”

Malam Obadiya ya miƙo masa baƙin ƙyalle. “Kashe fitilarka, ka zauna, ka lulluɓe kanka da wannan, ka jira idonka ya saba da duhu. Kada ka yi sauri.”

Habila ya dubi ƙyallen, ya dubi kujerar, ya dubi jama'a. “Ni in lulluɓe kai kamar amarya? Ni da nake hango zomo a tsallaken kogi?” Aka kwashe da dariya. Ya kashe fitilar goshinsa da ta daɗe tana haska masa ido, ya sunkuya a tsaye, ya leƙa.

Baƙi ƙirin. Ban da waɗansu 'yan taurari dusassu masu launin kore-kore, ba abin da ya gani. Ya ce a ransa, shi ke nan, abin da nake tsoro ya zo, idon ya mutu. A bayansa kuwa mutane suna jiran abin da zai fito daga bakinsa. Sai ya miƙe, ya gyara hula, ya ce, “Na gani.”

Malam Obadiya ya kama hannunsa da hannu biyu yana murna kamar yaro. “Na sani! Na san kai ba ka bukatar ƙyalle.” Murnar nan ta fi zagi yi wa Habila zafi, amma magana ta riga ta fita. Dattawa suka bi layi, kowa ya leƙa ya ɗago ya ce, “Madalla, ikon Allah.” Wa zai ce bai ga abin da Mai-Ido ya gani ba?

Keziya ce ta ƙarshe. Ta leƙa, ta sāke leƙawa, ta ce, “Malam, ni dai gaskiya ban ga komai ba.”

Mijinta ya ce, “Haba Maman Rahila, kada ki ba mu kunya.”

Amma Malam Obadiya ya tura mata kujerar ya ce, “Ba kunya a ciki. Zauna, mu bi shi a hankali.” Ta zauna, ta ja mayafinta ta rufe kanta da idon madubin gaba ɗaya. Habila bai iya tsayawa ya kalla ba, sai ya raka dattawa bakin ƙofa, ya tsaya can yana hira da babbar murya. Da Keziya ta fito daga ƙarƙashin mayafin, suka kama hanyar gida. Bai tambaye ta abin da ta gani ba.

Abin ya hana shi sakewa. Bayan 'yan kwanaki ya sāke komawa shi kaɗai, ya ce daɗin abin ne ya dawo da shi. Malam Obadiya ya saita masa madubin da farin ciki. Ana cikin haka sai 'yarsa ta kira shi a waya, ya zaga bayan gida inda ake samun sabis, ya bar Habila da madubin.

Habila ya leƙa, duhu dai kamar na ran nan. Sai ya yi tunani irin na maharbi. Duk rayuwarsa abin da ya sani shi ne, in ba ka gani sai ka ƙara wuta. Ga shi kuwa mai abin da bakinsa ya ce gilashin nan rage haske yake yi. Ya riga ya ga yadda ake ɗaura shi, sai ya zaro idon madubin, ya murɗe matacin ya cire, ya mai da idon wurinsa, ya leƙa.

Kai! Taurari ne cike da wuri, manya da ƙanana, farare da jajaye, kowanne yana ƙyalli. Habila ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. “Ashe idona lafiya lau! Ashe wannan ɗan banzan gilashi ne ya rufe mini.” Ya kalla har ya ƙoshi, sa'an nan ya mai da matacin yadda ya same shi kafin abokinsa ya dawo. Ya koma gida yana waƙa, yana ganin yanzu ƙaryarsa ta zama gaskiya.

Kashegari a gindin bishiyar da dattawa suke zama, Habila ya buɗe baki ya ba da labari. Ya ce hayaƙin tauraron nan kamar gero ne da aka watsa a baƙar tabarma, kowace ƙwaya tana walƙiya, har sai mutum ya ƙifta ido. Dattawa suka ce, “Haka yake, haka muka gani.” Malam Obadiya yana zaune a wurin. Ya dubi abokinsa ya daɗe, murnar da ke fuskarsa ta tafi. Bai ƙaryata shi a gaban mutane ba. Da za su tashi dai ya ce masa a hankali, “Sarkin ido, madubin yana nan har ranar da mota za ta zo.”

Da yamma Habila yana cin abinci, sai ya ga dama ya tsokani matarsa. “Ke mai baƙi ƙirin, daga baya dai kin ga geron?”

Keziya ta ce, “Wane gero?”

“Taurarin nan masu walƙiya.”

“Ai taurarin dusashewa suka yi, Maigida. Abin ba ya walƙiya ko kaɗan. Na daɗe a ƙarƙashin mayafi har wuyana ya gaji, sa'an nan ya fito, siriri, fari-fari, kamar hayaƙin murhu in yana fita ta jinka da sassafe, ya lanƙwasa daga wannan gefe zuwa wancan. In na kafa masa ido sai ya gudu, in na ɗan kau da ido sai ya dawo. Ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba.”

Habila ya tsame hannu daga kwano. Yanzu ya gane. Abin da ya gani daban, abin da aka kira shi ya gani daban, kuma abokinsa ya sani tun a gindin bishiya.

Keziya ta dube shi, ta sassauta murya. “Maigida, tun bara kake miƙo mini allura kana cewa hannunka da maiƙo. Na sani, ban kuwa faɗa wa kowa ba. Amma abin nan ba ƙarfin ido yake so ba, ai ka san idonka ya fi nawa har yanzu. Ka je ka faɗa masa.”

Ya ce zai je. Amma zuwa wurin aboki a ce masa “na yi maka ƙarya” ba tafiya ce mai sauƙi ba, ko da gidan yana bayan katanga. Yau ya ce ya gaji, gobe ya ce akwai baƙi. Wata ya fito ya cika sama da haske, sai ya ce bari wata ya ragu tukuna. Wata ya ragu, aka gama yankan dawa, aka kai rumbu. Kowace yamma kuwa wurin da hayaƙin yake yana ƙara karkata yamma, wajen dutse. Habila yana so ya ga abin nan kamar ransa zai fita, yana kuma tsoron sunansa kamar ransa zai fita, har ranar sallama ta zo bai je ba.

A daren sallama jama'a suka taru a gidan Malam Obadiya don a yi addu'a, gama mota da asuba za ta zo. An ɗaure kaya duka. Madubin yana cikin akwatinsa, an naɗe shi da bargo, an ɗaure da igiya tam. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka fara jawabai. Sai wani dattijo mai suna Zakka ya tashi ya ce, “Malam, ko ka tafi da madubinka ba mu yi asara ba. Ga Mai-Ido nan, shi zai riƙa ba jikokinmu labarin abin da ke sama, yadda ya gan shi da idonsa.”

Habila ya ji maganar ta soke shi. Ya ga kansa yana zaune da jikoki shekara da shekaru yana ba su labarin gero, su kuma su ba 'ya'yansu, alhali ainihin abin yana can bisa kansu ba wanda ya san kamarsa. Ya dubi akwatin da igiyarsa. Ya miƙe, ya kwance fitilar goshinsa, ya ajiye ta a ƙasa.

Ya ce, “Jama'a, ban gani ba.”

Kowa ya juyo ya dube shi, ya ci gaba.

“Ran farko duhu na gani, na ji tsoro na ce na gani. Rana ta biyu na cire matacin a ɓoye, na ga taurari, na ɗauka su ne. Idona ma ba kamar dā yake ba, ku sani yau. Malam, ka gafarce ni. In da hali, ina so in gani.”

Sai Zakka ya sosa ƙeya ya ce, “To, tun da an fara, ni ma fa duhu na gani.” Wani ya ce, “Ni na ɗauka gilashin idona ne.” Sai dariya ta ɓarke, irin dariyar mutanen da aka sauke wa kaya. Malam Obadiya bai yi dariya ba, idonsa ne ya cika da ƙwalla. Ya ce, “A kwance igiyar nan.”

Aka kwance, aka kafa madubin, aka kashe kowace fitila a gidan, har maƙwabta aka roƙa suka kashe nasu. Malam Obadiya ya fara leƙawa ba mataci, yana bin taurari masu haske ɗaya bayan ɗaya har ya kai wurin, domin da su ake gane hanya. Sa'an nan ya ɗaura matacin. Wurin ya riga ya sauka wajen dutse, amma da sauran lokaci.

Baƙin ƙyallen yana can ƙasan wani buhu da aka ɗaure, ba a san wanne ba. Keziya ta cire mayafinta ta miƙa wa mijinta. A gaban dattawan gari duka, Mai-Ido ya cire hularsa, ya zauna a kujerar mata, ya lulluɓe kansa da mayafin matarsa.

Daga ƙarƙashin mayafin ya ce, “Duhu ne, Malam.”

“Na sani. Zauna cikinsa.”

Aka jima. “Har yanzu duhu ne. Ko a cire gilashin nan kaɗan?”

“In an cire za ka ga abu da yawa, amma ban da wanda ka zo nema. Jira. Kada kuma ka kafa masa ido, dubi gefe kaɗan.”

Maganar nan ta tuna wa Habila wani abu da ya manta. Kafin a kawo fitilar goshi, sa'ad da yake bin mahaifinsa daji, haka tsohon yake koya masa, cewa a cikin duhu ba a kallon nama kai tsaye, gefensa ake duba sai ya bayyana. Ya san wannan tun yana yaro, fitila ce ta sa ya watsar. Ya saki jikinsa, ya ja numfashi, ya kau da ido kaɗan.

Sai ga shi. Da fari kamar ba kome, kamar ido ne ke yi masa wasa. Sa'an nan ya tsaya sosai, siririn hayaƙi fari-fari, a lanƙwashe, da zare-zare a jikinsa, shiru abinsa, yana nan inda yake tun kafin a kafa garinsu. Mutane suka ga mayafin yana rawa.

Malam Obadiya ya ce, “Sarkin ido, yaya?”

Murya ta fito daga ƙarƙashin mayafin. “Ku ƙyale ni tukuna.” Zakka kuwa ya riga ya cire hularsa ya tsaya a baya yana jiran kujerar.

Ma'anar wannan misali ita ce. Hayaƙin tauraron nan shi ne abin da Allah yake so ya nuna wa kowannenmu, wato nufinsa da alherinsa, waɗanda suke nan tun ba a haife mu ba. Ba ɓoye su ya yi ba. Suna bisa kanmu kowace rana, amma ba sa ihu, ba sa walƙiya, mu kuwa mun cika rayuwarmu da fitilu. Kada wani ya fita daga nan ya ce mai wa'azi ya ce taurari mugaye ne. Gona, da kasuwa, da 'ya'ya, da suna mai kyau, har da hidimar ikkilisiya, duk kyautar Allah ce, sau da yawa ma da su yake bi da mu zuwa wurin da yake so mu tsaya. Amma mutum yana iya ƙoshi da ƙyallinsu ya koma gida yana waƙa, bai ga abin da aka kira shi ya gani ba.

Shi ya sa Ubangiji yakan sa mana mataci. Mu in muka durƙusa, roƙonmu kullum shi ne a ƙara, a ƙara lafiya, a ƙara kasuwa, a ƙara girma. Shi kuwa wani lokaci ragewa yake yi. Ciwo ya kwantar da kai, ko aiki ya tsaya, ko waɗanda suke cika maka gida su daina zuwa, sai ka duba ka ga duniya ta yi duhu, ka ce Allah ya yashe ka. Ina gaya muku da tabbaci, bai yashe ka ba. Ba na cewa kowace wahala daɗi gare ta, duhu duhu ne, Habila ma da ya ce duhu ne ba a ce masa ƙarya yake yi ba. Abin da aka ce masa shi ne ya zauna cikinsa. Akwai kuma matacin da kai da kanka za ka ɗaura, ka kashe waya, ka rufe ƙofa, ka zauna da Maganar Allah da addu'a har zuciyarka ta daina tsalle-tsalle. Yawancinmu muna leƙawa ne a tsaye, da fitila a goshi, mu tashi mu ce ba kome a ciki.

Amma abin da ya kusa hana Habila gani ba duhu ba ne, ba kuma tsufan ido ba. Kalma biyu ce, “Na gani.” Muddin yana faɗarta, ba mai miƙa masa kujera, ba mai ce masa dubi gefe, gama ba a yi wa mai gani jagora. Ku lura kuma, da ya faɗe ta, dattawan gari duka suka faɗa a bayansa. Mu da muka daɗe a ikkilisiya, mu da ake ce wa dattawa da iyaye mata, wannan tamu ce. Mukan ji kunya mu ce akwai abin da ba mu gane ba, ko mu ce mun yi shekara muna addu'a ba mu ji kome ba, sai mu gyaɗa kai mu ce madalla, yara su gani su koya. Ina ganin waɗansu suna gyaɗa kai yanzu haka ma.

Keziya ba ta fi kowa ido ba. Ta faɗi gaskiya ne kawai, aka ba ta kujera. Ubangiji bai taɓa korar wanda ya zo ya ce masa “ban gani ba, ina so in gani” ba. Ko an ɗaure kaya, zai ce a kwance igiya dominka. Sai dai ka tuna, mota tana zuwa, ba kuwa kai ne ka san asubar da za ta zo ba. Saboda haka in an tashi yau, wani ya tambaye ka ko ka gane, in ba ka gane ba kada ka ce madalla. Cire hularka, ka nemi kujerar.